Ƙofar da ta ƙi yin haske

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Yau na ciro shi daga ƙasan akwati. Shekara uku ke nan yana ninke, har ninkin ya zauna masa a jiki. Na baza shi a tsakar ɗaki na tsaya a kansa, ina jira in ji ko haushin da ya sa na ajiye shi yana nan. Yana nan daram.

Ga wanda bai san irin aikin ba, bargo ne na ƙyallaye, amma ba na rufa ba, ratayewa ake yi a bango kamar zane. Shimfiɗa uku ake haɗawa: fuska, wadda ake harhaɗa ta da guntayen yadi, sai auduga a tsakiya, sai yadin baya. Daga nan a bi su da ɗinkin da zai ratsa ukun gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa lifidi. Nawa fuskar kaɗai na yi, ita ma ban kai ƙarshenta ba. Faɗinta santimita 90, tsayinta 120. Abin da na so in nuna bai taka kara ya karya ba: ɗaki ne da yamma liƙis, ƙofa a buɗe, hasken waje ya shigo ya kwanta a ƙasa, ga kujera a gefe.

Ƙofar ce ta ƙi yin haske. A 2022 sau uku ina canja mata yadi. Na fara da rawaya mai sanyi, na ga ba ta yi ba, na farke na sa rawaya mai ƙarfi, daga ƙarshe na sa wani mai walƙiya, irin wanda ke ɗaukar ido. Duk da haka in ka kalle ta faci ne kawai a jikin bango. Da na gaji na naɗe shi na ce sai wata rana.

Makon jiya na gama wani aji na kwana biyar kan tsara irin wannan aiki. Mu goma sha ɗaya ne, kuma duk cikinmu babu wadda ba ta iya keke ba, don haka ba ɗinki aka koya mana ba, kallo aka koya mana. Ranar ƙarshe Malama ta ce kada kowa ta fara sabon abu. Kowa ta koma ta ɗauko aikin da ta fi jin kunyar nunawa, ta buɗe littafi tana rubuta kwanan wata da abin da ta yi da abin da ta gani. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Guga kawai na yi masa yau, ta baya, da ɗan yayyafin ruwa. Layin ninki ɗaya ya ƙi fita.

Lahadi, 7 ga Satumba

Abu na farko da Malama ta hana mu shi ne kallon aiki a kwance. Na buga ragowar audugar tsakiya a jikin bango da ƙananan ƙusoshi, don ƙyalle yana maƙalewa a jikinta ko ba a sa fil ba. Na liƙa fuskar a kai, na ja da baya mita uku. A nan na tuna cewa duk watannin da na yi ina ɗinka ta ban taɓa ganin ta daga nesan da ya wuce tsawon hannuna ba. Kullum tana kan tebur, hancina na kanta.

Sai na ɗauki hotonta da waya, na cire wa hoton kala ya koma baƙi da fari. Sai da na nemi wuri na zauna. Ƙofa, bango, kujera, ƙasa, duk sun zama toka iri ɗaya. Jan da ke gefen ƙofa da koren da ke ƙarƙashinsa, waɗanda a ido suke kamar ko hanya ba su haɗa ba, a hoton ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Yadda aka yi mana bayani: kowane yadi yana ɗauke da abu biyu, launinsa da kuma yawan duhunsa. Launi ne ke fara cika ido, amma daga nesa duhu da haske ne ke gina hoto. A aji an juye mana buhun ƙyallaye a tebur aka ce mu kasa su kashi biyar, mataki na 1 mafi haske, na 5 mafi duhu, mu manta da cewa wannan ja ne wancan shuɗi. In mun rasa inda za mu sa wani, mu ƙanƙance ido har launin ya dusashe, sai matakin ya fito da kansa.

Na yi haka da ragowar yadukan da na yi aikin da su, don ban zubar da ko ɗaya ba. Kala 41 ne. Biyu a mataki na 1, shida a na 2, ashirin da huɗu a na 3, takwas a na 4. A mataki na 5 guda ɗaya tal, shi ma a ƙafar kujera na sa shi, bai fi ɗan yatsa ba.

Ban ga laifin kaina sosai ba. Yadin da ke kiran mutum in ya je saye na tsakiya ne, a nan launi ya fi cika ya fi armashi. Ba wadda za ta tsaya gaban ruwan toka mai duhu ta ce ya burge ta.

Talata, 9 ga Satumba

Ban taɓa shi ba yau, littafin aji na duba. A rana ta biyu Malama ta ba mu labarin wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel Eugène Chevreul, wanda aka ba shugabancin sashen rini a masaƙar Gobelins da ke birnin Faris a 1824. Aka yi ta kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba shi da ƙarfi. Ya gwada ya tarar rinin lafiyarsa lau. Ashe baƙin yana canja kama ne a idon mai kallo gwargwadon launin da aka saƙa kusa da shi. In ya zauna gefen shuɗi ko shunayya sai ya yi kamar ya koɗe. A 1839 ya wallafa abin da ya gano, masu zane kuma suka ɗauka.

Da ta gama labarin ta ba kowa ƙyalle ruwan toka, ta ce mu raba shi biyu, mu ɗora rabi kan fari, rabi kan baƙi. Na kan baƙi ya yi haske, na kan fari ya yi duhu. Da ba ni na yanka su da hannuna ba, da na yi musu cewa yadi ɗaya ne.

A lokacin na ji daɗin labarin kawai. Yau ne na gane da ni ake. Na bar jaki ina ta dukan taiki. Ƙofar ba ta da laifi, bangon da ke kewaye da ita ne ya ƙi ba ta wuri.

Asabar, 13 ga Satumba

Doka ta gaba: a gwada a takarda kafin a taɓa yadi. Na buga hoton nan na baƙi da fari sau huɗu, na zauna da gawayi ina shafawa. A na farko na duhunta ɗakin gaba ɗaya daidai wa daida, sai ƙofar ta koma kamar rami aka huda a allo. A na biyu na tara duhu a jikin ƙofar, yana raguwa in an nufi gefe. Na uku bai yi ba sam. A na huɗu na bar duhu a jikin ƙofa da kusurwar sama ta hagu, hasken ƙasa kuma na rage shi mataki ɗaya don kada ya yi kishi da ƙofar. Na huɗun na ɗauka.

Sai ga darasin da ya fi ba ni wahala. Malama ba ta son a dasa abin da ido zai fara sauka a kai a tsakiya cif. Ta ce a raba fili uku a tsaye, uku a kwance, a matsa da shi kusa da inda layukan suka gitta. A aji wannan wasa ne, ƙyallayen ba a ɗinke suke ba, tura su kawai za ka yi da yatsa. Tawa ƙofar tana nan a santimita 45 daga kowane gefe, an ɗinke ta da maƙwabtanta goma sha wani abu.

Ƙofar ba za ta motsa ba, amma gefen zai motsa. Na ja layi da alli, santimita 12 daga bakin dama, sama har ƙasa. Na fi minti ashirin riƙe da almakashi ina zagaye tebur. Daga ƙarshe na yanke, na kai tsirin hagu na ɗinka shi a can. Yanzu ƙofar ta koma wajen santimita 56 daga hagu, dab da layin kashi biyu cikin uku, faɗin kuma ya ragu da abin da ɗinki ya ci, ya koma 89.

Layin da ya raba bango da ƙasa bai haɗu ba a wurin sabon ɗinkin, akwai tsallake na kusan santimita biyu. Na bar shi haka. Zan ga ko zai dame ni.

Asabar, 20 ga Satumba

Bai dame ni ba. In ma akwai abin da ya yi, ya sa ɗakin ya zama kamar yana da kusurwa a nan.

Yau batun duhunta bango ne, kuma hanya uku nake da su. In farke in sa sababbin yaduka, sai dai bakin ɗinkin da na bari milimita 6 ne, wasu wuraren sun fara zarewa, wasu kuma ba ɗinki ba ne, manna su na yi da gam ɗin guga, irin siririn nan da ke narkewa in ya ji zafi. Wanda aka manna ba ya ɓamɓaruwa sai da ɓarna. Ko in shafa fenti, amma yana sandarar da yadi, kuma in ka shafa ka shafa ke nan. Hanya ta uku ita muka gani a aji: a shimfiɗa raga mai laushi, shara-shara, a kan wurin. Haɗe-haɗen ƙasa suna nan ana gani, sai dai inuwa ta sauka a kansu.

Na gwada raga baƙa da shuɗiya mai duhu. Baƙar tana kashe launi, jan ya koma kamar tsatsa. Shuɗiyar ta fi tausayi, ta mayar da jan makuba, koren kuma ya yi zurfi. Shimfiɗa ɗaya tana rage kamar rabin mataki, biyu sun kai mataki guda. Don haka na sa biyu kusa da ƙofa, ɗaya a nesa, a gefen dama kuma ban sa komai ba.

Amma raga ba za ta kai ni mataki na 5 ba, kuma jikin ƙofar shi yake bukata. A nan na tuna hotunan da aka nuna mana na matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata da kogi ya kusa zagayewa a jihar Alabama ta Amurka. Tsararraki suna ɗinka barguna don sanyi da tsofaffin kayan aiki na gona, ba ruwansu da layi ya miƙe. Sai a 2002 aka baje ayyukansu a gidan zane na birnin Houston, duniya ta waiwayo, a 2006 har aka buga hotunan wasu a jikin kan sarki na gidan wayar ƙasar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke amfani da tsohon wando: gwiwa ta koɗe ta yi fari, amma inda aka cire aljihu shuɗin yana nan da duhunsa kamar sabo, don rana da wanki ba su kai gare shi ba. Mataki uku a ƙafar wando ɗaya.

Na ɗauko wani tsohon wandon jins da ya daɗe da yin ritaya, na farke aljihunan baya da kalmasar ƙafa. Abin da ke ciki shuɗi ne mai kusan baƙi. Na jiƙa guntu na matse shi tsakanin fararen ƙyallaye biyu don in ga ko zai zuba. Bai zuba ba. Na yanka shi da hannu, ba ma'auni, na jera a gefen ƙofa da samanta. Na ja da baya mita uku.

Ta kama. Ban taɓa ƙofar ba ko da yatsa, amma ta kama.

Lahadi, 21 ga Satumba

Garin neman gira na kusa rasa ido. Na zo danne tsirin jins ɗin da dutsen guga, yana kan zafin auduga, gefensa ya hau ragar. Ragar roba ce. Kafin in ɗaga hannu ta narke, wuri kamar tafin hannu, ta bar baƙin ƙonanne a jikin jan yadin da ke ƙasa, sauran kuma ya bi dutsen.

Abin takaicin, a shafi na uku na littafin aji da hannuna na rubuta cewa a gwada zafi a guntu tukuna, a kuma sa ƙyallen auduga tsakanin dutse da raga. Har layi biyu na ja a ƙarƙashi.

Na kashe wuta na fita daga ɗakin.

Lahadi, 28 ga Satumba

Mako guda ban shiga ba. Yau na kankare abin da zai kankaru da bakin reza, na yanke ragar da ta ƙone, na rufe tabon da wani ƙyalle makuba mai duhu. Wannan karon na yi mannin yadda aka koya mana: a yanke tsakiyar gam ɗin a cire, a bar zagaye kamar santimita ɗaya a baki kawai. Ƙyallen ya kama, tsakiyarsa kuma ta zauna da laushinta.

Ba zan ce ɓarnar ta zama alheri ba. Faci ne, kuma duk wanda ya matso zai ga faci ne. Daga mita uku ba a ganin sa, da wannan na haƙura.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ƙanwata ta zo. Tana shiga ɗakin ta tsaya ta ce, “Yaya, wannan ba shi ne kika ce kin jefar ba?”

A aji an ce in za ka tambayi mutum, kada ka ce masa ya yi kyau ko bai yi ba, don zai ce ya yi. Ka tambaye shi ina idonsa ya fara sauka, daga nan ya tafi ina. Haka na yi. Ta ce ƙofa. Na ce sai ina? Ta ce ya bi hasken ƙasa ya tsaya a kujera. Har na fara jin daɗi, sai ta ƙara da cewa, “Amma Yaya, kujerar nan kamar a iska take.”

Gaskiyarta. Ba ta da inuwa. Da can da komai yake toka ɗaya ba wanda zai lura, amma yanzu da aka san ta inda haske ke shigowa, dole duk abin da ya tare shi ya jefa inuwa ta bayansa. Na yanka raga ninki uku, na shimfiɗa daga ƙafafun kujera zuwa hagu, na ɗan tsawaita ta tunda ranar yamma ce. Kujerar ta sauko ta zauna.

Bayan ta tafi na yi wani gwajin. Yadin nan mai walƙiya da ke ƙofar ya fara yi mini ihu a ido. Na laluba jakar ƙyallaye na samo rawayan farko, mai sanyin nan da na farke a 2022 na ce ba shi da ƙarfi. Na liƙa shi a kai da fil. Shi ne. Mai walƙiyar yana nuna kansa ne a matsayin yadi, wannan kuwa kamar iska ce da rana a cikinta. Na farke na mayar da shi inda na cire shi, har ramukan tsohuwar allura suna nan.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Haɗa shimfiɗa uku. Na miƙe yadin baya a ƙasa na danne bakinsa da salatif, ba ja sosai ba, don in an ja shi yana komawa ya tattare in an sake shi. Auduga a kai, fuska a sama, na bar rarar santimita 8 ta kowane gefe. Fil mai kulle daga tsakiya zuwa waje, tazarar tafin hannu. Sun haura ɗari. Inda raga take fil yana kama ta, sai na yi dogon ɗinkin hannu na wucin gadi.

Gwiwoyina sun faɗa mini shekaruna.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na fara ɗinkin ratsawa da hasken ƙasa. Na sa wa keke ƙafar nan mai nata haƙoran, wadda ke jan shimfiɗar sama daidai da yadda haƙoran keke ke jan ta ƙasa, don kada ɗaya ta riga ɗaya. Tsawon ɗinki milimita 3, layuka suna fitowa daga bakin ƙofa suna buɗewa. Wannan ya tafi sumul.

Bangon ne ya ba ni ruwa. A nan na sauke haƙoran keke na sa ƙafa mai zobe, hannuna ne ke tuƙa yadin duk inda na so. A aji na yi wannan a kan sabon yadi har Malama ta ɗaga nawa ta nuna. A nan kuwa ina shiga wuraren da na manna a 2022 keke ya fara tsallake, ɗinki uku ya kama, biyu ya wuce, zare ya tsinke. Na zare allurar na duba, ta yi danƙo. A wancan lokacin gam ɗin na shimfiɗa shi gaba ɗaya, wani wurin ninki uku, ya yi tauri kamar kwali. Allura tana ɗumi da gudu, gam yana bin ta, zaren ya kasa yin ɗan lanƙwasar da ƙugiyar ƙasa ke kamawa. Dabarar yanke tsakiyar gam ta zo wa waɗannan wuraren a makare. Tun ran gini ran zane.

Abin da ya taimaka: na bar allura mai lamba 80 na koma mai lamba 90 mai babban ido, ina tsayawa lokaci-lokaci ina goge ta da auduga da ɗan sifirit, na kuma rage gudu. Har yau lambobin nan suna rikita ni, don a allura in lamba ta hau kauri ya hau, a zare kuwa in ta hau siranta yake yi. Zare mai lamba 50 ya fi mai 40 siranta.

Zare ma yana da matakinsa, wannan ban ji shi a aji ba, da kaina na ci karo da shi. Na fara bangon da ruwan toka mai haske don shi ne a keke. Bayan tafin hannu biyu na ja da baya na ga yana mayar mini da duhun da na sha wuya na samu. Na farke duka, na koma shuɗi mai duhu lamba 50, wanda ke nutsewa ba a ganin sa. Mai haske lamba 40 na bar wa hasken ƙasa.

Na juya baya na ga zaren sama ya fito gashi-gashi a duk inda na yi kwana. Ba laifin keke ba ne, hannu ne ke riga ƙafa a kwana.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na saɓa wa Malama da gangan, ga kuma sakamako. Ta ce a daidaita yawan ɗinki ko'ina, domin inda aka cika ɗinki yana tsukewa, inda aka bari yana nan da faɗinsa, sai bargo ya ƙi kwanciya. Ni kuma na so ƙofar ta taso. Wurin da aka ɗinke sosai yana lafewa ya koma baya, wanda aka bari yana kumbura ya zo gaba ya tari haske. Sai na cika bango da ɗinki, tazarar santimita ɗaya, ƙofar kuma layi biyu kacal na yi mata.

Ta taso kam, har ta wuce gona da iri. Na auna faɗi: sama 86, ƙasa 86 da rabi, ta tsakiyar ƙofa 87 da rabi. In na rataye shi sai ƙofar ta yi tumbi.

Na tura wa Malama hoto na ce, “Malama, na yi abin da kika hana.” Ta amsa da cewa ai ta gani, amma kada in cike ƙofar don tsoro, in ƙara layi uku ko huɗu a tsaye, sauran in bar wa ruwa. Na ƙara huɗu da zare kalar yadin. Tumbin ya ragu da rabi. Har yanzu ina ganin da na bi dokar sak da ƙofar ta lafe ta zama ɗaya da bango, don haka ban yi nadama duka ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Aikin ruwa. Na zana murabba'i mai tsawo a kan allo mai laushi, na kwantar da bargon, na fesa masa ruwan sanyi har ya yi laushi. Tururi ya fi saurin aiki, amma ni da zafi kusa da ragar nan mun yi hannun riga. Na riƙa ja a hankali ina kafa fil marar tsatsa a kan layin, ina lallashin tumbin da tafin hannu zuwa gefe. Hanyar gane ko ya miƙe ita ce a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo ɗaya, kusurwoyin sun daidaita. Da farko bambancin santimita biyu ne, na yi ta matsa fil har ya koma rabi.

Kwana biyu zai yi a nan kafin in cire fil. Na rufe ƙofar ɗakin saboda kyanwa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Ya bushe ya kwanta. Na datse gefuna, ya tsaya a 85 da 115.

Na daɗe ina shawarar baki. Bargon rufa ana naɗe masa baki da tsirin yadi da ake gani ta gaba, kamar firam. Na gwada tsiri shuɗi da fil, sai ya zama kamar na kulle ɗakin, hasken ƙasa ya zo ya bugi shinge ya tsaya. Na koma ɗaya hanyar: a ɗinka tsirin ta gaba, a juya shi gaba ɗaya ya koma baya, a kama shi da ɗinkin hannu. Ta gaba ba a ganin komai, hoton ya tafi har ƙarshe. Kusurwoyin sun yi kauri saboda jins, sai da na rage audugar ciki kafin su juyu.

A baya ta sama na ɗinka aljihun sanda mai faɗin santimita 10, na bar masa ɗan sako-sako don sandar ta zauna a ciki ba tare da ta turo fuskar ba. Ina cikin wannan na tuna Malama ta ce a 1971 gidan zane na Whitney da ke Niu Yok ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar zane, kuma waɗanda suka ɗinka su don gado suka yi, ba su taɓa tunanin sanda ba. Nawa bai taɓa ganin gado ba, amma sai da ya shekara uku a akwati kafin ya ga bango.

Na rubuta suna da shekaru biyu a ƙyalle na ɗinka a baya, 2022 da 2025. Na rataye shi da la'asar, na ja da baya, na sake ɗaukar hoton baƙi da fari na ajiye kusa da na 7 ga Satumba. Matakai biyar ɗin duk sun fito, ƙofa ce mafi haske, jikinta ne mafi duhu, suna manne da juna.

Layin ninkin nan na ranar farko yana nan a kusurwar sama in haske ya zo ta gefe. Kusurwar ƙasa ta hagu kuma tana ɗagowa daga bango kamar faɗin yatsa, inda na haɗa tsirin da na yanko daga dama. Gobe zan ɗinka siririn aljihu a ƙasa in zura falallen katako, in ga ko nauyinsa zai kwantar da ita.